Karkatacciyar Matakala: Yadda Masana Ke Gano Kuskuren Na'urar Mayar da Sigina Lamba

Gabatarwa

A yau da wuya mutum ya wuni a birnin Katsina bai ci karo da lambar da wata na'ura ta rubuta ba. Mai nama a kasuwa yana da sikeli mai rubuta nauyi da kansa. Ma'aikaciyar jinya tana maƙala wa majiyyaci ɗan abin auna iskar jini a yatsa. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, mata masu juna biyu suna jiran hoton ciki. Ɗalibin kimiyyar halittu kuwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yana kwafe sakamakon gwaji daga fuskar na'ura zuwa littafinsa. Duk waɗannan mutane sun yi tarayya a kan abu guda, wato yarda da cewa abin da na'ura ta rubuta shi ne gaskiya.

To, amma nauyi da zafi da amo da bugun zuciya ba a lambobi aka halicce su ba. Abubuwa ne masu hawa da sauka ba tare da yankewa ba, kamar ruwan da ke gudu a kwata. Kwamfuta kuwa ba ta san komai ba sai ƙidaya. Don haka a cikin kowace irin wannan na'ura akwai wani ɗan ƙaramin sashe wanda bai kai farce girma ba, aikinsa shi ne ya karɓi sigina ta lantarki ya mayar da ita lamba. Injiniyoyi suna taƙaita sunansa da haruffa uku, ADC; a Hausance kuwa ana iya kiransa tafinta, domin shi ke tsakanin duniya da kwamfuta. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda tafintan nan yake karkata magana, musamman idan aka sa shi aiki da gudu, da kuma yadda masana suke siffanta karkatar da lissafi don su gyara ta.

Aikin Tafinta

Tafinta yana yin abu biyu. Na farko, yana ɗibar samfuri daga sigina a kan kari, kamar mai leƙa tukunya duk bayan ɗan lokaci. Ayyukan Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949, dukkansu a Amurka, sun tabbatar da cewa dole yawan ɗibar ya zarce ninki biyu na yawan kaɗawar siginar. Shi ya sa wayar tarho take ɗibar muryar mutum sau 8,000 a daƙiƙa, faifan CD kuwa da ya fito a 1982 yake ɗauke da ɗiba 44,100 a daƙiƙa.

Na biyu, yana dasa kowane samfuri a kan wata matakala, ya faɗi lambar takin da ya sauka a kai. Yawan takun ya danganta da abin da ake kira bit. Tafinta mai bit 8 yana da taku 256, mai bit 12 yana da 4,096, mai bit 16 kuwa 65,536. Alal misali, idan aka raba ƙarfin lantarki na bolt 5 ga taku 4,096, faɗin kowane taki bai wuce milibolt 1.22 ba. Duk abin da ya faɗa tsakanin taki da taki sai a kai shi ga mafi kusa. Wannan ɗan ragi ba laifin maƙeri ba ne, ko cikakken tafinta yana da shi.

Wani injiniya Baturen Ingila mai suna Alec Reeves ne ya fara tsara aika murya da lambobi a 1937, yana aiki a birnin Faris. A 1954 kamfanin Epsco na Bernard Gordon ya fitar da tafinta mai suna Datrac, mai bit 11, mai ɗiba 50,000 a daƙiƙa. Nauyinsa ya kai kilo 68, yana kuma shan wat 500 na wuta. A yau akwai masu ɗiba fiye da biliyan guda a daƙiƙa, kuma kan ɗan yatsa ya ishe su zama.

Kuskure Iri Uku

Duk wanda ya saba da awo a kasuwa ya san kuskuren ma'auni ba iri ɗaya ba ne. Akwai sikelin da yake nuna giram 50 tun ba a ɗora masa komai ba. Maganinsa shi ne a mayar da shi sifiri. Akwai wanda yake tauye kashi 2 cikin ɗari na duk abin da aka ɗora masa, ƙarami ko babba. Shi ma da dutsen awo guda ɗaya ana iya saita shi. Na ukun shi ne mai wuyar sha'ani: sikelin da ya yi daidai a kilo 1, ya yi daidai a kilo 50, amma a kilo 20 ya tauye, a kilo 35 kuma ya yi gyara. Wanda ya gwada shi a farko da ƙarshe kaɗai zai rantse lafiyarsa ƙalau. Wannan shi ne karkata, wato rashin miƙewar dangantaka tsakanin abin da ya shiga da abin da ya fito.

Idan mai karatu ya tuna da matakalar ginin ƙasa, irin wadda ake hawa tsofaffin benaye ko Hasumiyar Gobarau da ita, zai fahimci yadda injiniyoyi suke auna wannan karkata. Magini da hannu yake aza taki, saboda haka wani kan ɗan fi wani tsawo. Bambancin kowane taki da yadda ya kamata ya kasance shi ne ma'auni na farko, wato rashin daidaiton taki. Idan kuma aka ɗaura zare daga takin farko zuwa na ƙarshe, sai a ga wani sashen matakalar ya haura zaren, wani ya yi ƙasa da shi, domin ƙananan bambance-bambancen sun taru sun yi yawa. Wannan shi ne ma'auni na biyu, wato tararriyar karkata. A wasu lokutan taki kan ƙanƙance har ya ɓace ɗungum, ya zamana akwai lambar da tafinta ba zai taɓa furtawa ba.

Dalilin haka a fili yake. Ana gina matakalar tafinta da ƙananan sassa na lantarki da ake so su zo daidai wa daida, amma babu masana'antar da za ta iya ƙera abu biyu su zama ɗaya sak. Tafinta mafi gudu yana jera masu kwatance, kowane da takinsa: mai bit 8 yana buƙatar guda 255, kuma kowanne yana da ɗan halinsa. Wani nau'in kuma yana aiki zango-zango, kamar mai awon gero da ke fara ƙidaya buhu, ya auna ragowar da tiya, ya auna ragowar tiya da gwangwani. Idan tiyar ta ɗan lotse, kuskuren zai riƙa bayyana duk lokacin da aka zo gaɓar da ke tsakaninta da gwangwani.

Idan Gudu Ya Yi Yawa

A na'urori masu aiki a hankali, irin su sikeli da ma'aunin zafi, tafinta yana da isasshen lokaci, kuma galibi kuskurensa ƙarami ne a kan na sauran sassa. Matsala tana tasowa ne idan ana ɗiba miliyoyi a daƙiƙa. A nan ne wasu sababbin illoli biyu suke kunno kai.

Ta farko ita ce tuna baya. Mai sayar da man gyaɗa idan yana awo da gaggawa, ragowar awon farko yana nan maƙale a kwano lokacin da ya ɗebo na biyu. Haka shi ma tafinta: kafin cajin samfurin baya ya gama tsiyayewa, na gaba ya iso. Ke nan lambar da ya faɗa ta danganta da inda sigina take, da inda ta fito, da kuma saurin da take sauyawa. Ta biyu ita ce rawar agogo. Idan sigina tana kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa, kuma agogon tafinta yana kuskure da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, lissafi ya nuna abin da za a amfana da shi bai wuce kimanin bit 10 ba, ko da an rubuta bit 14 a jikin kwali.

Babbar illar karkata ita ce ƙirƙiro abin da babu shi. Idan aka shigar da tsantsar amo mai kaɗawa miliyan 2 a daƙiƙa cikin karkataccen tafinta, zai fito tare da wasu ƙananan amo na bogi a miliyan 4 da miliyan 6. Idan kuma amo biyu suka shiga tare, a ce na miliyan 95 da na miliyan 96, sai su haifi na bogi a miliyan 94 da miliyan 97. Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001 wannan lamari yake shafar jama'a ba tare da sun sani ba. Dogon ƙarfen sadarwa yana sauraron wayoyi da yawa a lokaci guda. Siginar wanda ke tsaye a gindinsa mai ƙarfi ce, ta wanda ke can wani ƙauye a kan hanyar Jibiya kuwa raunanniya ce. Idan amon bogi na masu ƙarfi ya faɗa daidai zangon mai rauni, sai ya danne shi.

A asibiti abin ya fi haka nauyi. Na'urar hoton ciki tana aika amo mai kaɗawa kimanin miliyan 3.5 a daƙiƙa cikin jiki, inda yake tafiya da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, sannan ta saurari amsa-kuwwa. Tafintocinta, waɗanda kan kai 64 ko 128, kowane yana ɗiba miliyan 40 ko fiye a daƙiƙa. Amsar da ke dawowa daga ƙashi ko bangon jijiya mai ƙarfi ce ƙwarai, wadda ke dawowa daga jinin da ke gudu kuwa ta gaza ta sau ɗaruruwa. Bugu da ƙari, tun daga ƙarshen shekarun 1990 ake amfani da wata dabara ta sauraron ninkin amon da tsokar jiki da kanta take haifarwa, domin hotonsa ya fi fita tas. To, idan tafinta shi ma yana ƙirƙiro ninki na bogi, yaya za a bambance na tsoka da na na'ura? Shi ya sa maƙeran waɗannan na'urori suke tsananta wa kansu a kan karkatar tafinta.

Siffanta Kuskure da Lissafi

Tunda ba za a iya ƙera matakala marar aibi ba, masana sun koma ga wata hikima: a san aibin sarai, a rubuta shi, sannan a cire shi daga sakamako. Kuskuren da yake maimaita kansa kullum iri ɗaya ana iya gyara shi. Wanda ba a sani ba shi ne abin tsoro.

Matakin farko shi ne auna faɗin kowane taki. A 1984 Joey Doernberg da Hae-Seung Lee da David Hodges na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana hanyar yin haka alhali tafinta yana cikin cikakken gudunsa. Misalinta shi ne a jera ƙore a tsakar gida, a watsa gero a kansu bai-ɗaya. Ƙwaryar da ta fi faɗin baki ita za ta fi tara ƙwaya. Haka ake shigar da sananniyar sigina, a ɗebi samfuri miliyoyi, a ƙirga sau nawa kowace lamba ta fito. Lambar da ta fito fiye da rabonta, takinta mai faɗi ne. Wadda ba ta fito ba sam, takinta ya ɓace. Daga nan sai a tsara jadawali, kowace lamba da gyaranta.

Hanya ta biyu ita ce a siffanta lanƙwasar gaba ɗaya da jimlar lissafi guda. A ce abin da ke fitowa shi ne abin da ya shiga, haɗe da kashi ɗaya cikin ɗari na murabba'insa. Idan 0.1 ya shiga, 0.1001 zai fito, kuskuren bai taka kara ya karya ba. Idan kuwa 1 ya shiga, 1.01 zai fito, rabon kuskuren ya ninka sau goma. Da 'yan lambobi uku ko biyar irin waɗannan ana iya bayyana halin tafinta mai taku dubbai. Ana gano su ne ta hanyar rarrabe amon da ya fito, a auna ƙarfin kowane na bogi, da dabarar lissafi mai sauri da James Cooley da John Tukey suka buga a 1965.

Jadawali da jimla guda ba su san tuna baya ba. A nan ake komawa ga lissafin Vito Volterra, masanin Italiya wanda ya aza harsashinsa a 1887, Norbert Wiener kuma ya yi amfani da shi a kan na'urorin lantarki a 1942. Lissafin yana haɗa samfurin yanzu da na baya, ya ba kowane haɗi nauyinsa. Wahalarsa ita ce lambobin da ake buƙata suna yawaita da sauri, don haka injiniya yake zaɓen masu tasiri ya watsar da sauran. Ɗaliban kimiyyar halittu sun san wannan suna, domin shi ne dai Volterra da ya siffanta hawa da saukar yawan kifaye masu farauta da waɗanda ake farauta a 1926.

Akwai kuma dabarar da kan ba mutum mamaki, wato a zuba wa sigina 'yar hayaniya da gangan. Hayaniyar tana sa samfuri ya riƙa yawo a kan taku da dama maimakon ya nace wa gurgun taki guda, sai matsakaicin sakamako ya fi kusa da gaskiya. Lawrence Roberts ya nuna amfaninta a kan hotunan talabijin a 1962. Tafintocin zamani da yawa kuwa suna ɗauke da ɗan sashen da ke auna karkatarsu yana gyarawa suna cikin aiki.

Darasi Daga Sararin Samaniya

A ranar 14 ga Mayun 2009 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba kumbon Planck zuwa nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, don ya auna haske mafi tsufa da ya rage a sararin samaniya. An sanyaya idanun ɗaya daga cikin na'urorinsa biyu har zuwa kashi ɗaya cikin goma na digiri sama da iyakar sanyi. Da masana suka fara nazarin sakamako, sai suka ga kamar ƙarfin na'urar yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Bincike ya nuna idanun lafiyarsu lau. Tafinta mai bit 16 ne takunsa ba su daidaita ba, kuma awon da aka yi masa kafin a harba shi bai kai zurfin da ake buƙata ba.

Babu makanikin da zai je can. A Janairun 2012 sinadarin sanyaya na'urar ya ƙare, idanun suka daina gani. Hausawa suna cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Maimakon a kashe na'urar, sai aka bar ta fiye da shekara guda tana aiko da hayaniya zalla, aka yi ta ƙirga lambobin kamar geron da aka watsa a ƙore, har aka zana siffar takun da suka shafi aikin. Da wannan siffa, tare da ƙarin gyare-gyare, aka koma aka tace bayanan baya. A 2016 masanan suka sanar da cewa taurarin farko sun makara fiye da yadda aka ƙiyasta a da: sai da sararin samaniya ya kai kimanin shekara miliyan 700 kafin haskensu ya yi rabin aikinsa na sauya iskar da ta cika shi.

Tafinta a Jikin Ɗan Adam

Wannan lamari ba baƙo ba ne ga ilimin halittu. A 1926 Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij ya nuna, da tsokar kwaɗo, cewa jijiyar ji tana mayar da ƙarfin abin da ya taɓa ta zuwa yawan bugu a daƙiƙa, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1932. Jijiyar nan ba miƙaƙƙiya ba ce, kuma tana tuna baya. Duk wanda ya fito daga ranar azahar ya shiga zaure ya san ido yakan ɗauki lokaci kafin ya washe. Cikakken sabo da duhu yana cin kusan minti talatin. A 1972 Panos Marmarelis da Ken-Ichi Naka suka yi amfani da lissafin Wiener wajen siffanta yadda jijiyoyin idon tarwaɗa suke amsa haske. Ashe lissafin da ke gyara hoton ciki shi ne kuma yake bayyana ganin kifi.

Abin da Ya Shafi Katsina

Siffar da aka zana wa tafinta a masana'anta tana aiki ne muddin yanayinsa bai kauce wa wanda aka auna shi a ciki ba. Sassa da yawa na lantarki an ƙera su ne don su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70, kuma halinsu yana ɗan sauyawa da zafi ko a cikin wannan iyaka. A watan Afrilu zafin Katsina yakan kai digiri 40 a inuwa, cikin akwatin na'ura kuwa ya fi haka, balle idan ƙurar hunturu ta toshe mata mashaƙa. Hawa da saukar wuta, da sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, suna iya girgiza ƙarfin lantarkin da tafinta yake gwada komai da shi. Na'urorin da aka sayo na hannu kuma sau da yawa sukan zo ba tare da takardar saitinsu ba.

Saboda haka ya kamata shugabannin asibitoci da ɗakunan gwaji su riƙa tambayar takardar saiti kafin su biya kuɗi, su ware kuɗin sake saitawa a kasafin kowace shekara, su kuma tanadi sanyi da tsayayyiyar wuta a ɗakin da na'ura take. Ɗalibi kuwa ya riƙe ƙa'idar da ake koya masa tun a ajin farko: kada ya gwada na'ura da sanannen samfuri biyu kaɗai, ya jera biyar ko shida daga ƙasa zuwa sama, kada kuma ya yarda da lambar da ta fita daga iyakar abin da ya gwada. Har ila yau akwai fagen bincike a buɗe ga sassan kimiyyar lissafi da lantarki na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Da ɗan allo mai araha, da injin samar da sigina, da kwamfuta guda, ɗalibi zai iya zana matakalar tafinta a sanyin Janairu, ya sake zana ta a zafin Afrilu, ya kwatanta.

Kammalawa

A taƙaice, kowace lamba da na'ura ta nuna ta bi ta kan matakalar da ba ta rasa karkata ba. Abin da ya bambanta na'urar ƙwarai da ta banza shi ne an san inda ta karkata, an rubuta, ana kuma sake dubawa a kai a kai. Al'ummar Katsina ta daɗe da sanin nauyin cika mudu, a kasuwa da kuma a karatun addini. Yanzu da mudun ya koma cikin na'ura, inda ido ba ya ganinsa, hakkin duba shi ya rataya a wuyan injiniya da likita da malamin gwaji, domin a kan lambar da ya bayar ake yanke shawarar magani, da tiyata, da sakamakon bincike.